Yadda Muka Kai Ɗauki Ga Masu Kwana A Waje A Sakkwato Ranar 1 Ga Oktoba

A Sakkwato akwai lokutan da hannun jama'a yake buɗewa ba sai an roƙa ba. Da azumi ana dafa abincin buɗa baki a masallatai da ƙofar gidajen masu hali, da ƙaramar salla ana fitar da zakkar kono, da babbar salla kuwa naman layya yana kaiwa har ga wanda ba shi da tukunyar dafa shi. Ranar 1 ga Oktoba ba ta cikin waɗannan lokutan. Hutu ne na gwamnati don tunawa da samun 'yancin kan Najeriya a 1960, ofisoshi da bankuna da makarantu suna rufe, ma'aikata suna gida, kuma babu wata al'adar bayarwa da ta ginu a kan ranar. Wanda abincinsa ya dogara ga zirga-zirgar mutane a bakin banki ko ƙofar ma'aikata yakan wuni hannu wofi. Wannan ne ya sa mu matasan unguwarmu, maza da mata, ɗalibai da masu sana'ar hannu da 'yan kabu-kabu, muka zaɓi ranar Laraba 1 ga Oktoban 2025, da ƙasar ta cika shekara 65, don kai ɗauki ga mutanen da ba su da wurin kwana. Dalili na biyu shi ne ranar ce kaɗai kusan dukanmu muke da sarari a lokaci guda. Ni aka ɗora wa aikin magatakarda, saboda haka littafin sunaye da na kuɗi duk a hannuna suke.

Tun cikin watan Agusta muka fara da neman izini, domin a garin nan ba a shiga sha'anin jama'a ta bayan gida. Mun je wurin mai unguwa bayan la'asar, muka cire takalma, muka durƙusa, shugabanmu ya ce, “Ranka shi daɗe, yaranka ne suka zo da wata shawara, suna neman albarka.” Ya saurare mu har ƙarshe, sannan ya yi mana tambayar da ta juya tsarinmu gaba ɗaya: “To, samari, su wa za ku ba? Kun san su, ko dai kun gan su ne a hanya?” Ya ce mu je mu san su tukuna, ya kuma haɗa mu da limamin unguwa da wani dattijo da yake gadin shaguna. Bayan haka muka rubuta takarda zuwa ofishin 'yan sanda na yankinmu don su san da fitarmu ta dare, muka kuma gaida shugabannin direbobi na tashar da ke kusa da mu, tunda ba a tashin mai barci a tasha sai da saninsu.

Sanin mutanen shi ne aikin da ya fi cin lokaci, kuma a ganina shi ne ƙashin bayan komai. Da rana ba za ka iya bambance wanda yake da ɗaki da wanda ba shi da shi ba, domin kowa yana cikin nema. Sai bayan sallar isha'i, idan masu shaguna sun ja ƙofofinsu, masu shayi sun fara kwashe bencina, sannan za ka ga ana shimfiɗa kwali da buhunan siminti a barandar shaguna, da gindin katangar masallaci, da ƙarƙashin rumfunan kasuwa. Mun riƙa fita mutum uku uku tare da dattijon mai gadi, wani lokaci kuma kafin kiran assalatu, saboda akwai waɗanda suke naɗe shimfiɗarsu tun da duhu don kada mai shago ya tarar da su. Ba mu haska wa kowa tocila a fuska ba, kuma ba mu buɗe littafi ba sai bayan gaisuwa ta yi nisa.

Abin da muka tarar ya nuna mana cewa masu kwana a waje ba iri ɗaya ba ne. Mafi yawa a yankinmu 'yan gudun hijira ne da ta'asar 'yan bindiga ta koro daga gabashin jihar, daga ƙauyukan Sabon Birni da Isa da Rabah da Goronyo, kuma akasarinsu mata ne da ƙananan yara da tsofaffi. Suna zaune a kangaye, gine-ginen da aka kai linta aka bari, ba ƙofa ba taga, wasu da rufi wasu ba rufi, bisa alfarmar mai ginin ko mai gadinsa, kuma ranar da aka kawo bulo za a ci gaba da aiki, ranar za su tashi. Akwai 'yan dako da masu tura baro da leburorin gini da suka zo cirani, waɗanda suke da gida a ƙauye amma kuɗin hayar ɗaki ya fi ƙarfinsu, sun gwammace su kwana a rumfa su aika abin da suka samu gida. Akwai tsofaffi da makafi da guragu da suke wuni kusa da Hubbaren Shehu da Masallacin Shehu da na Sarkin Musulmi Bello, inda masu ziyara da masallata suke ba da sadaka, wasunsu suna da masauki, wasu kuwa nan suke kwana. Sai masu taɓin hankali, waɗanda suka fi kowa kaɗaici.

Almajirai mun yi doguwar muhawara a kansu. Wasu sun ce a sa su, tunda yawancinsu a zaure ko a rumfa suke kwana, a ƙasa, cikin cunkoso. Wasu sun ce almajiri yana da malami da makaranta da iyayen da aka san garinsu, kuma idan aka buɗe wannan ƙofa abin da muka tara ba zai kai ko'ina ba. Ni ina cikin masu ra'ayi na biyu, ba don halin da yaran suke ciki bai dame ni ba, sai don matsalarsu ta fi ƙarfin tarin unguwa ɗaya, har ta kai gwamnatin tarayya ta kafa mata hukuma ta musamman a 2023. Mun tsaya a kan cewa za a dafa wa makarantun allo biyu da ke maƙwabtaka da mu abinci a kai wa malamansu, kaya kuwa na waɗanda ke cikin littafi ne.

Kangayen mata ba mu shige su ba, 'yan'uwanmu mata ne suka shiga, mu muna tsaye daga waje, domin ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma akwai buƙatun da uwa ba za ta faɗa a gaban saurayi sa'an ɗanta ba. A garin da Nana Asma'u ta kafa tsarin 'yan taru, inda jajis, wato malamai mata, suke bin ƙauyuka suna karantar da mata, ba baƙon abu ba ne mace ta je ta sami 'yar'uwarta a inda take. Wata tsohuwa daga yankin Isa ce ta fito da kanta ta same ni a bakin kango, riƙe da jikanta da jikinsa ya yi zafi rau. Na gaishe ta, na ce, “Inna, idan Allah ya hore mana wani abu, mene ne ya fi damun ku?” Ta ce, “Ɗana, abinci ko yaya Allah na kawo shi da rana, mukan yi wankau, mukan yi surfe. Dare shi ne wahalarmu.” Ta nuna mini ƙafafun yaron, duk tabon cizo ne da ya sosa har ya zama gyambo, sannan ta nuna ƙasan ɗakin da ruwan daren jiya ya jiƙa, inda suka jera kwalaye a jikin bango suna jiran su bushe.

Wannan amsa mun ji ta a bakuna da yawa, kuma ta yi daidai da lokacin. Ƙarshen Satumba da farkon Oktoba ƙarshen damina ne, kududdufai da fadamun gulbin Rima cike suke da ruwa, sauro ya yi yawa, kuma a nan ne zazzaɓin cizon sauro yake kwantar da mutane, musamman yara 'yan ƙasa da shekara 5 da mata masu juna biyu. Da farko tunanin yawancinmu yana kan babbar tukunya da nama, amma da na karanta wa taro abin da ke cikin littafi, gidan sauro da tabarma suka hau sama, sabulu da takalma da audugar mata suka biyo baya, abinci ya koma na kusa da ƙarshe.

Tara kuɗi ba shi da wani sirri. Kowane ɗan ƙungiya ya riƙa ba da abin da ya sawwaƙa duk Juma'a, 'yan unguwa da ke aiki a Abuja da Kaduna da Legas suka riƙa turowa ta asusun banki, ni kuma duk daren Lahadi nakan sa hoton shafin littafi a zaurenmu na WhatsApp, abin da ya shigo da abin da ya fita, har kuɗin kati da na kabu-kabu. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai ya yi tsada, kuma mutane sun gaji da masu yawo da takardar neman taimako, saboda haka bayyana lissafi shi ne kaɗai abin da zai sa mutum ya sake bayarwa. 'Yan kasuwa da dama sun fi son ba da kaya a kan kuɗi: wani ya ba da shinkafa, wani jarkar mai, wata hajiya mai sayar da atamfa ta ba da ragowar yadudduka da teloli biyu na cikinmu suka ɗinka wa yara riguna. Mun ƙi karɓar gudummawar da ta zo da sharaɗin a buga hoton wani a jikin leda.

Abu biyu suka kusa raba kanmu. Na farko riguna masu tambari da ƙyallen sanarwa, waɗanda wasu suka ce su ne za su nuna mu ƙungiya ce ta gaske. Da aka lissafa kuɗinsu aka ga ya kai na gidajen sauro masu yawa, sai maganar ta mutu da kanta. Na biyu ya fi zafi, wato ɗaukar hoto. Masu goyon baya suna da hujja mai ƙarfi, cewa wanda ya turo kuɗi daga nesa yana da haƙƙin ganin inda kuɗinsa ya tafi, kuma hoto a Facebook yana jawo sababbin masu bayarwa. Amma matan kangayen nan da yawansu matan gida ne masu rufin asiri a garuruwansu, masu rumbu da awaki, waɗanda ba su taɓa miƙa hannu ga kowa ba sai da aka ƙone musu gari. Sanya fuskar irin wannan mace a waya tana karɓar leda ƙarin rauni ne a kan wanda take ɗauke da shi, kuma yardar da mai yunwa zai bayar a gaban abinci ba yarda ce cikakkiya ba. Mun yanke cewa za a ɗauki hoton kaya da rasit da masu aiki, ba za a ɗauki fuskar mai karɓa ba, babba ko yaro.

Sayayya mun yi ta a Babbar Kasuwa cikin makon ƙarshe na Satumba. Tabarmar roba muka zaɓa maimakon ta kaba, saboda ba ta shan ruwa kuma ana wanke ta a shanya. Game da gidan sauro, ɗaya daga cikin 'yan dakon da muka rubuta ne ya tunatar da mu abin da mai ɗaki ba zai tuna ba, da ya ce, “Malam, a jikin me zan rataya shi?” Saboda haka kowane ƙunshi muka sa masa igiya da ƙusoshin kankare guda huɗu, kafintocinmu kuma suka zo da guduma. Gidan sauro mai magani ana son a shanya shi a inuwa na kwana ɗaya kafin a fara kwana a ciki, don kada ya sa ƙaiƙayi da zafin fuska, sai muka buɗe su duka muka shanya a tsakar gidan liman tun ranar Litinin, muka sake naɗewa.

Ranar Talata da dare unguwa ba ta yi barci ba. Iyayenmu mata ne suka karɓi girki, da manyan tukwanen da muka aro daga masu dafa abincin biki, mu kuwa namu faskaren itace da ɗebo ruwa da yankan albasa. Dafa-duka aka yi da wake a ciki don ta riƙe ciki, aka kuma dama kunu saboda yara da tsofaffin da ba su da haƙori. Kafin asuba an zuba komai a robobi masu murfi an jera a kuloli.

Tsarin rabon shi ne wurin da muka fi yin taka-tsantsan. A watan Disambar 2024 turmutsutsu a wuraren rabon abinci da kyauta ya hallaka mutane da dama a Ibadan da Abuja da Okija, kuma a Ibadan yara 35 ne suka rasu. Darasin a bayyane yake: idan aka sanar da wuri da lokaci a cikin wannan matsi, jama'ar da za ta zo ta fi ƙarfin masu rabo. Don haka ba mu tara kowa a fili ba, ba mu yi shela ba, mu ne muka je inda suke. Kwana biyu kafin ranar mun raba ƙananan katuna masu lamba daidai da lambar da ke cikin littafi, kati ɗaya ga kowace uwa da 'ya'yanta, ɗaya ga kowane mai zaman kansa. Muka kasu rukuni rukuni, kowane da keke-napep ɗinsa da jerin sunayensa, muka fita bayan sallar asuba, lokacin da masu kwana a baranda ba su watse ba kuma gari bai cika ba. Kowane rukuni ya tafi da rarar abinci, domin mun san za a tarar da wanda ya iso bayan mun rufe littafi, kuma ba a hana mai yunwa abinci don ba shi da kati.

Rukunina kangon tsohuwar nan ya fara zuwa. Mata suka shiga da kaya da abinci, da suka shirya sai aka yi wa kafinta izini ya shiga ya kafa ƙusoshi a jikin bulo, ya ɗaure igiyoyi, ya nuna yadda ake cusa gefen gidan sauron a ƙarƙashin tabarma don kada a bar kafa. Yaran suka shige ciki tun da safe suka ƙi fitowa, suna leƙenmu ta raga suna dariya, iyayen suna kora su suna komawa. Tsohuwar ta ce, “Allah shi yi muku albarka, Allah shi rufa asirin iyayenku.” A barandar shaguna aikin ya fi wuya, saboda sai da muka nemi yardar masu shago tun kafin ranar a kafa ƙusa a bangonsu. Wasu sun yarda nan take, wasu sun ƙi don tsoron kada barandar ta zama masauki na dindindin, kuma ban ga laifinsu sosai ba, tunda idan aka yi sata su ne da asara. Inda aka ƙi, an ɗaura igiya a jikin ginshiƙi da ƙarfen ƙofa, a kwance ta da safe.

Muna da wata ma'aikaciyar jinya 'yar unguwa da ta sadaukar da hutunta, tare da ɗaliban aikin lafiya da suke taimaka mata. Ta zo da abin gwajin zazzaɓin cizon sauro na gaggawa, wanda ake ɗiga jinin yatsa a kai a ga sakamako cikin kamar minti 15, kuma ta kafa doka cewa ba a ba kowa maganin zazzaɓi sai gwaji ya nuna, ba a kuma barin ɗalibi ya rubuta magani. Jikan tsohuwar yana cikin waɗanda gwajin ya nuna suna da cutar. Ta auna hannun ƙananan yara da ɗan ma'aunin nan mai launin kore da rawaya da ja, ta ware waɗanda suka faɗa ja, alamar tamowa mai tsanani, muka ɗauke su da iyayensu zuwa asibiti a ranar, daga kuɗin da muka keɓe don haka. A jihohin arewa irin tamu ana bi gida gida da damina ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓi duk wata, amma iyaye da dama a kangayen sun ce yaransu ba su samu ba, wasu saboda sun iso gari a tsakiyar damina, wasu saboda da safe ba a tarar da kowa a kangon, duk sun fita nema.

Masu taɓin hankali su ne inda ƙarfinmu ya tsaya. Ba su karɓar abu daga baƙo, sai ta hannun wanda suka saba da shi, mai shayi ko mai wankin mota da yake ba su saura. Ta hannun waɗannan muka miƙa abinci da riga. Akwai asibitin tarayya na masu taɓin hankali a Kware, ba nisa da birni, amma kai mutum can yana buƙatar ɗan'uwa ko wani da zai tsaya masa ya riƙa bibiya, kuma mu ba mu da hurumin ɗaukar mutum da ƙarfi. Abin da muka iya shi ne rubuta kamanninsu da wurin zamansu da ɗan abin da masu shayi suka sani game da asalinsu, muka ba liman don ya yi cigiya ta hanyar limaman garuruwan da aka ambata.

Kafin azahar an gama rabo, an wanke tukwane an mayar wa masu su, da dare kuma na sa cikakken lissafi a zaure. Sai dai shafin ƙarshe na littafin, inda muka rubuta abin da kowa ya ce zai fitar da shi daga halin da yake ciki, ya fi na kayan da muka raba nauyi. Mata da yawa jari suka nema, na tuyar ƙosai ko awara ko sayar da itace, don su iya kama ɗaki ko da na haɗaka ne. Wasu suna son a sa yaransu makarantar firamare, wasu kuma ba su da lambar shaidar zama ɗan ƙasa, wadda kusan kowane tallafi na hukuma yanzu yake nema, saboda sun gudo ba su ɗauki komai ba. Mun kwafe sunayen zawarawa da marayu da tsofaffi, da izininsu, mai unguwa ya sa hannu, muka kai wa Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha. Kowane ɗan ƙungiya an ba shi iyali ɗaya ko biyu da zai riƙa leƙawa, ya raka su wurin rajista, ya sanar da mu idan an tashe su daga kango don kada su ɓace mana. Tarin Juma'a bai tsaya ba, domin daga tsakiyar Nuwamba hunturu yake kamawa, kuma tabarma da raga ba su tare iskar Disamba da Janairu a ɗakin da ba shi da taga. Kuɗin da ya rage mun fara sayen barguna na gwanjo da rigunan sanyin yara da buhunan da za a toshe tagogi da su, za a kuma sake zagayen dare kafin rabon, saboda tuni mai gadi ya gaya mana cewa sababbin iyalai sun sauka a wani kango da ke bayan tasha.